Yadda Ake Raba Ruwan Jini Kafin Gwajin Ƙoda da Sukari

Ɗaliban da ke koyon aiki a ɗakunan gwaje-gwaje na Garwa da Marwa sun yi ta tambayata wannan. To ga shi bi da bi.

1. Wanke hannu, ka sa safar hannu.
2. Rubuta sunan majiyyaci da lokaci a jikin kwalbar, yana gabanka.
3. Ɗaure dantse, amma kada ɗaurin ya wuce minti 1.
4. Ɗebi jinin a kwalba mai jan murfi.

Hattara: kada ka zuba jini daga kwalba mai murfin shunayya zuwa wannan. Sinadarin cikinta zai ɗaga fotasiyom, ya kwantar da kalsiyom (sinadaran jini ne da ake aunawa) a sakamakon gwajin, likita ya tsorata a banza.

5. Tsayar da kwalbar minti 30 har jinin ya daskare.
6. Sa ta a injin juya jini, wata kwalba mai nauyi ɗaya tana fuskantarta. In ba haka ba, injin zai yi ta rawa a kan tebur.
7. Juya minti 10.
8. Duba launin ruwan da ya taso sama. Ruwan ɗorawa garai ake so.

In ya yi jaja-jaja, ƙwayoyin jini sun fashe. A sake ɗiba kawai.

9. Tsotse ruwan a hankali zuwa sabuwar kwalba mai suna.
10. Auna sukari nan take. Jinin da ba a raba ba, ƙwayoyinsa na ci gaba da cinye sukarin, balle a zafin Afrilu. In samfurin gwajin sukari zai yi tafiya daga ƙauye, kwalba mai murfin toka ce tasa, domin sinadarin cikinta na hana ƙwayoyin cinye sukarin.
11. Saura ya shiga firji, digiri 2 zuwa 8.