Kalmar "entertain": inda masu fassara da ɗalibai suke tuntuɓe

Yawancin masu koyon Turanci ma'ana ɗaya suka riƙe wa wannan kalma, wato nishaɗantarwa. Da ita ake cewa mawaƙi ko ɗan wasa ya faranta wa jama'a rai, kuma nan ba a cika samun matsala ba. Sai dai kalmar tana da wasu ayyuka biyu, kuma a cikinsu ne ake yin ɓarna.

Mafi muni shi ne na labaran kotu. Idan alƙali ya ce "this court lacks jurisdiction to entertain the suit", babu zancen nishaɗi ko kaɗan. Abin da yake nufi shi ne kotun ba ta da hurumin sauraron ƙarar. A nan ma akwai wani tarko na biyu: wasu sukan rubuta cewa mai ƙara ya faɗi shari'a. Ba haka ba ne. Kotun da ta ƙi sauraro saboda rashin hurumi ba ta shiga cikin maganar ba balle ta ce wane ne mai gaskiya, kuma sau da yawa mai ƙara yana iya kai kokensa kotun da ta dace. Wanda ya haɗa ƙin sauraro da yanke hukunci ya sauya labarin gaba ɗaya.

Haka abin yake a taron manema labarai. "The minister will not entertain questions" na nufin minista ba zai amsa tambayoyi ba. In kuwa abin da ya biyo bayan kalmar tunani ne, ko shawara, ko tayi, sai a ce duba, ko yin la'akari da, ko ba shi gurbi a zuciya. "She entertained the offer" na nufin ta duba tayin, ba wai ta amince ba. Wannan bambancin yana da nauyi a harkar ciniki da neman aure. Da shakku ko tsoro kuma Hausa ba ta buƙatar wani dogon kewaye: "entertain doubts" yin shakka ne kawai.

Aiki na uku karɓar baƙi ne, a ba su ci da sha. Shi ya sa "entertainment allowance" da ake gani a takardar albashin manyan ma'aikata kuɗin hidimar baƙi ne, ba kuɗin kallon wasa ba.

Hanyar gane wacce ake nufi mai sauƙi ce. A dubi abin da ya zo bayan kalmar. In ƙara ce, ko tambaya, ko ra'ayi, to sauraro ko dubawa ake nufi. In mutane ne, sai a duba wurin: dandali ne, ko gida da tebur?

Saura nahawu. Ba a saka "about" bayanta. "Entertain the idea" ake cewa kai tsaye. "I am entertaining" na nufin ni ne mai ba da nishaɗi ko ina da baƙi, wanda aka nishaɗantar kuwa "I am entertained" zai ce. A ɓangaren Hausa ma a kula, domin a daidaitacciyar Hausa "nishaɗantar" tana tafiya da "da" kafin wanda aka yi wa aikin: ya nishaɗantar da mu, ta nishaɗantar da yara.