Kafin ka miƙa kwamfutarka ga mai gyara

Kada ka bari sai ranar da za a zo ɗaukarta kafin ka kwafe fayilolinka zuwa wani wuri. Mai gyara yana iya goge komai ya sake ɗora Windows, aikin shekaru ya bi ruwa.

1. Samo filash ko babban faifan ajiya na waje wanda ya fi fayilolinka girma.

2. Kwafe Documents, Pictures da Desktop zuwa cikinsa. Ka leƙa Downloads ma, domin nan ne takardun da aka turo maka suke taruwa, kuma shi aka fi mantawa. Kwafa za ka yi, kada ka yanke, saboda in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, asalin yana nan.

3. In kana amfani da Outlook, manhajar imel, fitar da wasiƙunka zuwa fayil na .pst, wato fayil ɗin da Outlook ke adana wasiƙu a ciki.

4. Ɗora muhimman takardu a Google Drive, ma'ajiyar Google ta intanet, yana ba da 15GB kyauta. Amma in sirrin ofis ne, nemi izinin shugabanka tukuna.

5. In an kulle faifan cikin kwamfutar da BitLocker, tsarin kulle bayanai na Windows, rubuta mabuɗinsa mai lambobi 48 a takarda.

6. Jona filashin a wata kwamfutar, ka buɗe fayiloli kaɗan ka tabbatar suna buɗewa.