Shawara ga mai niyyar hutun bazara a St Andrews

Jama'a, duk wanda zai kai iyalinsa garin St Andrews da ke bakin teku a Sukotlan, ya sani cewa ba a buga golf, wato wasan buga ƙwallo da sanda zuwa cikin rami, ranar Lahadi a tsohon filin wasan da ake kira Old Course, sai dai lokacin babbar gasa. A ranar ce ake barin kowa ya zaga ramukansa 18 kyauta, har ya ɗauki hoto a kan 'yar gadar dutse ta Swilcan. Mai son bugawa kuwa sai ya shiga ƙuri'ar da ake fitarwa kwana 2 kafin ranar wasa, kuma ya riƙe takardar shaidar ƙwarewarsa, domin za a tambaye shi.

A ganina, yara sun fi jin daɗin ƙaramin filin golf da ake kira Himalayas, mai tudu da kwari, wanda kuɗinsa kaɗan ne, sannan ga rairayin West Sands dab da shi. Amma kada sunan bazara ya ruɗe ku, ruwan tekun sanyi ƙarara ne, iska kuma ba ta sassautawa, don haka a tafi da rigar sanyi. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, sai a lura da lokacin Magariba.