Yadda Ake Lalata Ragowar Magunguna a Ruwan Kwata da Hasken Rana

Ruwan kwata da ya fito daga matatar gari yakan yi garau a ido, amma ragowar magunguna irin su diklofenak (maganin ciwon jiki) da maganin ƙwari suna nan a cikinsa. A yankin Almeriya da ke kudancin Sifen, inda ruwa ya yi ƙaranci rana kuma ta yi yawa, masu bincike sun daɗe suna gwada wata hanya ta kawar da su. Ga yadda take.

Da farko, a tabbatar ruwan ya riga ya bi ta matata an cire laka da dauɗa. Wannan ne matakin da na fi damuwa da shi. Ruwa mai gurɓi yana tare haske, kuma datti zai cinye ƙarfin da aka tanada domin gubar, wato ragowar magungunan. Wanda ya tsallake nan ya yi aikin banza.

Sai a zuba garin titaniyam dayoksaid, farin garin nan da ake sa wa fenti. Tun 1972 masu bincike Fujishima da Honda a Japan suka nuna yadda haske ke motsa shi. Kada a cika shi, in ya yi yawa ruwan ya koma kamar madara, haske ya kasa ratsawa.

Daga nan famfo ya tura ruwan cikin bututun gilashi masu madubin alminiyam a ƙarƙashinsu, suna fuskantar rana. Da hasken ultrabayolet, wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, ya bugi garin, sai ya haifar da wasu ƙwayoyi masu tsananin ƙarfi da ake kira haidiroksil, su ne ke farfasa gubar har ta zama ruwa da iskar kabon. Garin kansa ba ya ƙarewa. Rauninsa shi ne, ultrabayolet ɗin da ke motsa shi bai wuce kashi 5 cikin 100 na hasken rana ba, don haka ruwan sai ya yi ta zagayawa, kuma a bar iska tana shiga, domin aikin yana bukatar oksijin.

Bayan haka a tace garin a ajiye don wani zagayen.

Kafin a saki ruwan zuwa gona, a kai samfuri ɗakin gwaji. Maganin da aka farfasa rabi da rabi wani lokaci yakan bar abin da ya fi shi illa. Kuma haske ba ya lalata ƙarafa irin su dalma, su sai an nema musu tasu hanyar.