Awo, mura da allurar fulu: ga iyayen da suka sauka Kumasi da yara

Duk wadda ta taso daga Kano ko Katsina ko Maraɗi ta sauka Kumasi da goyo, jikin yaranta ne zai fara gaya mata an canja mata lissafin shekara. A gida mun san mura da lokacinta. Hunturu ya shigo, ƙura ta tashi, leɓe ya tsage, yara su fara atishawa, a nemo citta da kanumfari. Nan kuwa kurmi ne. Damina biyu ake yi, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, hunturun kuma leƙowa kawai yake yi a Disamba da Janairu ya koma. A irin wannan ƙasa murar da likitoci ke kira fulu ba ta jiran sanyi, tana yawo duk shekara, ta fi kuma tasowa da ruwan sama. Shekarata ta farko a unguwar Aboabo, ina ta ajiye rigunan sanyi don hunturu, ashe a tsakiyar Yuni za ta kwantar min da yara biyu a mako guda.

Wata amaryar gidanmu da aka kawo daga Damagaram bara ta tare ni a bakin famfo. "Yaya, wai allurar mura da maigidana ya ji a asibitin kuɗi, a yi wa yara ko a bari? Inna ta bugo waya ta ce kar mu kuskura, mura ai ba ciwo ba ce." Amsar da na ba ta ba ta gajarta ba, shi ya sa na ga gara in rubuta.

Kafin maganar fulu, ina littafin awo? Wannan ita ce tambayar da nas za ta fara yi miki ko'ina kika je. 'Yan Zango suna cewa "weyin", mu mu ce awo. Ana yinsa a asibitocin gwamnati kamar na Manhyia da Tafo da asibitin mata da yara da ke kusa da kasuwar Kejetia, sannan a ranakun da aka ware ma'aikatan lafiyar unguwa, masu kaki ruwan ƙasa, sukan fito cikin unguwa. Za ki gan su a ƙarƙashin rumfa da benci biyu da akwatin sanyi, an rataye sikeli a jikin katako, ana zura jariri cikin ɗan wandon yadi a saƙala shi yana lilo yana tsala ihu, nas tana karanta nauyin da ƙarfi tana ɗiga alama a littafi. A nan ake yin alluran da gwamnatin Gana ke bayarwa kyauta: ta tarin fuka da ɗigon shan inna ranar haihuwa, sai mako 6 da 10 da 14 a yi mai haɗe da cuta biyar da ta nimoniya, wato ciwon huhu, da ɗigon gudawa, a wata 9 a yi ta ƙyanda da ta shawara, a wata 18 a maimaita ta ƙyanda a ƙara ta sanƙarau. Idan kin zo da katin Najeriya ko na Nijar, kai shi yadda yake, ko ya ci ruwa ko ya yage. Ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Idan ya ɓata, faɗi gaskiyar abin da kika tuna, su duba hannun yaro su ga tabon allurar haihuwa, su tsara sauran.

Na fara da wannan ne saboda na ga gidan da ake muhawara a kan allurar fulu alhali ɗansu mai shekara biyu ba a yi masa ta ƙyanda ba. Wannan an bar jaki ana dukan taiki. Mu da muka ga abin da mashaƙo ya yi wa yara a Kano a 2023 ba ma bukatar wani dogon bayani.

Ita allurar fulu ba ta cikin waɗancan. Ba a yin ta a wurin awo, asibitocin kuɗi da wuraren da ke yi wa matafiya rigakafi ne ke kawo ta, kuɗin kuma daga aljihunku zai fito. Akwai wani ruɗani da ke kama har masu karatun boko. A cikin allurar nan mai cuta biyar akwai wadda ake rubutawa Hib, cikakken sunanta yana da kalmar "influenzae" a ciki, sai uba ya duba littafi ya ce ai an riga an yi masa ta fulu. Ba ita ba ce. Wannan wata ƙwayar cuta ce daban mai kawo sanƙarau da nimoniya ga jarirai, sunan ne kawai ya maƙale mata tun zamanin da aka zaci ita ke kawo fulu.

Wani ɓangaren matsalar daga harshenmu yake. Kalma ɗaya muke da ita, mura, ita ce majinar da yaro ke shaƙa yana wasansa, ita ce kuma wadda ke kayar da babban mutum. Inna ta Damagaram ba ta yi ƙarya ba, ta farkon take nufi. Waccan a hankali take shigowa, atishawa yau, majina gobe, yaro yana cin abincinsa. Fulu kuwa ba ta sallama. Yaron da ya sha kokonsa da ƙosai da safe ya tafi makaranta lafiya, da azahar an dawo da shi jiki kamar garwashi, kai na sara, gaɓoɓi na ciwo, tari busasshe, ƙananan har da amai ko gudawa. Mafi yawan yara suna tashi cikin mako guda. Waɗanda ba su tashi ba, yawanci huhu ta sauka musu ta zama nimoniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fulu tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 a duniya kowace shekara ta hanyar cutukan numfashi.

Mutanen Asokore Mampong, wato ƙaramar hukumar da Aboabo da Asawase da Sawaba suke ciki, ba labari suka ji ba. A ƙarshen 2017 ɗalibai huɗu suka rasu cikin 'yan kwanaki a makarantar kwana ta Kumasi Academy, wasu da dama aka kwantar, iyaye suka yi dafifi a bakin ƙofa kowa na son ya ɗauke ɗansa. An yi ta faɗi-faɗi, wasu su ce sanƙarau, wasu su ce jifa. Da aka kai samfur cibiyar bincike ta Noguchi da ke Legon a Accra, inda cibiyar sa ido kan fulu ta ƙasa take, sai aka gano fulu ce nau'in H1N1. Daga baya aka kawo allurar aka yi wa ɗalibai da ma'aikata. Waɗannan samari da 'yan mata ne masu jini a jika. Tun daga lokacin na daina cewa mura ba ciwo ba ce ba tare da na tambaya wace murar ba.

To a yi ko a bari? Ni a ganina ya danganta da wane yaro ne a gidan. Idan kina da mai sikila, kar ki tsaya shawara da maƙwabta, ki tambayi likitansa kai tsaye. A Gana kusan jariri 1 cikin 50 da ita ake haifarsa, kuma a Kumasi aka fara gwajin jarirai tun 1995, don haka asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda kowa ke kira "Ji", ya san waɗannan yara sarai. Zazzaɓin da wani yaro zai kwanta kwana uku ya tashi, shi mai sikila yana iya tayar masa da ciwon ƙirji mai haɗari. Haka mai asma, da mai ciwon zuciya ko ƙoda, da bakwaini, da duk yaron da nas ke ɗaure fuska idan ta duba nauyinsa. Bayan su sai 'yan ƙasa da shekara biyar, musamman waɗanda ba su kai biyu ba, sai wanda za a kai makarantar kwana. Ga gidan haya irin namu kuma, ɗaki goma sha, tsakar gida ɗaya, yara ashirin, tsoho mai ciwon suga a ɗakin ƙofa. Abin da jika ya kwaso a makarantar allo, kaka ce ke biya. Amma lafiyayyen ɗan shekara goma, a gidan da ake lissafin kuɗin haya da na makaranta, idan ba a yi masa ba ban ga abin zargi ba. Gidan sauro da sabunta katin inshorar lafiya sun riga ta a layi.

Jaririn da bai kai wata 6 ba ba a yi masa. Hanyar kare shi ita ce a yi wa uwar tun tana da ciki, kariyar ta bi jini ta kai masa ta raka shi watannin farko. Yaro daga wata 6 zuwa shekara 8 da ba a taɓa yi masa ba, sau biyu ake yi masa a shekarar farko, da tazarar mako 4 aƙalla, don haka a yi kasafin kuɗin biyu tun farko, kar a yi ɗaya a watsar. Jiki yana ɗaukar wajen mako biyu kafin ya haɗa kariyar. Kuma duk shekara ake sabuntawa, wannan shi ne abin da ya fi sa maza zargi. "Wace irin allura ce ba ta ƙarewa? Kasuwanci ne kawai." Dalilin shi ne ƙwayar fulu tana canja kamanni kamar hawainiya. Sau biyu a shekara, a Fabrairu da Satumba, masana ke zama su duba nau'o'in da ke yawo su faɗi waɗanda za a haɗa. Wani lokaci su dace, wani lokaci ƙwayar ta zille musu. A shekarar da aka dace, tana rage yiwuwar kamuwa da kashi 40 zuwa 60 cikin 100. Wanda ya ce miki yaro ba zai sake majina ba, tallarsa yake yi. Majinar yau da kullum ma ba ruwan allurar da ita. Abin da kike saye shi ne rage yiwuwar ki kwana a benci a Ji kina kallon ɗanki da robar iska a hanci.

Wadda ake yi a dantse ko cinya ba ta da ƙwaya mai rai, ba za ta sa wa yaro fulu ba. Wurin yakan yi tsami, wani ya yi ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu. Idan yaro ya taɓa kumbura ko numfashinsa ya sarƙe bayan wata allura ko bayan cin ƙwai, a gaya wa likita kafin a buɗe kwalba. Masu 'yan'uwa a Ingila za su ji ana maganar sinadarin alade. Wannan a kan wadda ake fesa wa yara a hanci ne a can, kuma ko a can wanda bai so ana ba shi ta allura. Ki nemi takardar cikin kwalin, hakkinki ne.

Ba na raina tsoron iyayenmu. Wanda ya san abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau, ya san zargin ba daga sama ya faɗo ba. Amma mun kuma ga abin da dakatar da ɗigon shan inna a 2003 ya jawo, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, ba a tabbatar Najeriya ta rabu da ita ba sai 2020. Ni abin da na koya daga biyun shi ne in yi tambaya a gaban mai allurar. A ina aka ajiye ta? Firji take so, tsakanin digiri 2 da 8, ba ta son daskarewa, kuma a garin da ake ɗauke wuta, "dumsor" in ji mutanen nan, dole in ji ko suna da janareta. Ta wace shekara ce, yaushe za ta lalace? Tana da rajistar hukumar abinci da magunguna ta Gana? A rubuta min sunanta da lambarta a littafin yaro. Duk wanda ya zo gida da jaka ya ce zai yi miki da rahusa, ki ba shi ruwa ya sha ya kama gabansa.

Ko an yi allurar ko ba a yi ba, zazzaɓi a Kumasi sai an cire zargin maleriya. Kuskuren da na yi a waccan Yuni kenan. Na aika kantin magani na bakin titi aka haɗo min na maleriya da kafso, na ɗura wa yaran kwana biyu ba sauƙi, sai da maƙwabciyata, tsohuwar Zango, ta leƙo ta ce, "'Yata, kin gwada jinin kuwa?" Muka tari pragya, wato Keke Napep ɗinsu, muka tafi. Ɗigon jini ɗaya a yatsa, minti goma sha biyar zuwa ashirin, babu maleriya ko kaɗan. Kafson ma asarar kuɗi ne, ba ya taɓa ƙwayar fulu. Abin da ake so shi ne farasitamol daidai nauyin yaro, ruwa da nono da yawa, hutu, a kuma hana shi zuwa makaranta har zazzaɓin ya sauka. Asfirin kuwa kar a ba yaro sam. Akwai maganin fulu na musamman da likita kan ba masu rauni, amma ya fi aiki cikin awa 48 na farko, shi ya sa mai sikila ko asma ba a jira da shi a ga abin da gobe za ta yi. Idan numfashi ya yi sauri, ko haƙarƙari na lotsawa, ko yaro ya ƙi nono, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko zazzaɓi ya sauka ya dawo da tari mai tsanani, a tafi asibiti ko da tsakar dare ne. Lambar gaggawa 112 ce.

Amaryar tamu dai ta kai katin Nijar ɗin wurin awo, aka ga saura ta wata 18 ga ƙaramin, aka yi masa. Babbar mai asma ce, maigidan ya kai ta asibitin kuɗi aka yi mata ta farko a Maris, ta biyu a Afrilu, kafin ruwa ya kankama. Inna har yanzu ba a gaya mata ba.