Yadda za ka yi bitar kakar ƙarshe ta Nick Saban a Alabama

Ranar 10 ga Janairun 2024 Nick Saban ya ajiye aikin horar da ƙungiyar ƙwallon ƙafar Amurka ta Jami'ar Alabama. Shekarunsa 72 a lokacin, ya yi kaka 17 a garin Tuscaloosa, ya kuma ɗauki kofin ƙasa sau bakwai: ɗaya a Jami'ar Jihar Louisiana (LSU) a 2003, shida a Alabama (2009, 2011, 2012, 2015, 2017 da 2020). Duk mai son rubuta sharhi ko haɗa shirin rediyo ko na YouTube a kan kakarsa ta 2023, ga hanyar da za ta fisshe shi.

Fara da takarda da biro, ka jera wasanni 14 ɗin bisa kwanan wata, kowanne da makinsa, da filin da aka buga, da sunan wanda ya fara a matsayin mai jefa ƙwallo. Alabama ta ci 12, an ci ta 2. A nan ne kuskure na farko yake shigowa: wasan ƙarshe an buga shi ranar 1 ga Janairun 2024, amma a lissafi na kakar 2023 ne. Idan ka nemi bayanan "kakar 2024" a intanet, ƙungiyar Kalen DeBoer, wanda ya gaji Saban, za ka tarar.

Kafin ka kunna bidiyo ko ɗaya, rubuta abin da kocin ya shiga kakar da shi a hannu. Bryce Young, mai jifar da ya riƙe ƙungiyar shekara biyu, ya tafi gasar ƙwararru ta NFL, inda aka zaɓe shi na ɗaya. Will Anderson, ƙashin bayan masu tsaro, aka zaɓe shi na uku. Manyan mataimaka biyu duk sababbi ne a kujerunsu: Tommy Rees mai tsara hari, da Kevin Steele mai tsara tsaro. In ka tsallake wannan, za ka auna 2023 da ma'aunin 2020, ka ce ƙungiyar ta lalace, alhali ba mutanen ba ne.

Wasa guda minti 60 ne a agogo, zango huɗu na minti 15, amma a talabijin ya kan haura awa uku. Ba sai ka kalli duka 14 daga farko zuwa ƙarshe ba. Guda shida sun cancanci cikakken kallo: Teksas, South Florida, Tenesi, Auburn, Jojiya da Mishigan. Ragowar, taƙaitaccen bidiyo ya wadatar. Wasannin Middle Tennessee (56–7) da Chattanooga (66–10) kuwa ka cire su daga duk wani matsakaicin lissafi da za ka yi, domin ƙananan ƙungiyoyi ne, alƙalumansu za su kumbura maka sakamako.

Makonni uku na Satumba su ne zuciyar aikin, a nan za ka fi daɗewa. Ranar 9 ga wata Teksas, ƙarƙashin Steve Sarkisian, tsohon mataimakin Saban, ta zo har gida ta ci 34–24. Alabama ce ke gaba da 16–13 aka shiga zangon ƙarshe, sai Teksas ta zura maki 21 a cikinsa. Sau biyu abokan hamayya suka cafe jifar Jalen Milroe, sabon mai jifar Alabama. Mako na gaba Saban ya ajiye shi a benci, ya fara da Tyler Buchner a wasan South Florida, daga baya ya sa Ty Simpson. An tafi hutun rabin lokaci 3–3, da ƙyar aka tashi 17–3. Mako ɗaya bayan haka Milroe ya dawo, aka ci Ole Miss 24–10, kuma bai sake barin matsayin ba.

Yadda za ka gano abin da ya canza: ɗauki yunƙurin hari 20 na farko a wasan Teksas, ka ɗauki 20 na farko a wasan LSU na Nuwamba. A kowanne ka sa alama ɗaya cikin uku: jifa, ko miƙa wa mai gudu, ko Milroe ya ruga da kansa. A rukuni na ukun ka bambanta gudun da aka tsara masa tun farko da gudun tsira da ya yi don an matsa masa. Alamar gudun da aka tsara ita ce masu tare masa hanya suna cusa kai gaba da zarar an saki ƙwallo, ba sa ja da baya su kafa katanga. A wasan LSU, wanda aka ci 42–28, sau huɗu Milroe ya tsallaka layin ci da ƙafarsa. Wannan shi ne aikin horarwa na gaske a kakar: an daina neman yaron ya zama Bryce Young, aka gina hari a kan gudunsa da doguwar jifarsa. A ganina duk sharhin da bai nuna wannan ba bai taɓa kakar ba tukuna.

Ka yi hattara da alƙaluman gudu. A ƙa'idar jami'o'i, idan aka kayar da mai jifa kafin ya saki ƙwallo, yadin da aka rasa daga lissafin gudunsa ake cirewa, saɓanin NFL. Tun da an sha kayar da Milroe a wannan kaka, jimillar da ke takarda ta gaza abin da ƙafarsa ta samar. Ka ware yadin kayarwar daban. Haka kuma a 2023 aka sauya dokar agogo, aka daina tsayar da shi bayan samun sabon zagayen yunƙuri (wato idan ƙungiya ta ci yadi goma aka sake ba ta yunƙuri huɗu) sai a minti biyun ƙarshe na kowane rabi, don haka kwatanta jimillar yadi da ta shekarun baya ba zai zo daidai ba. Yi amfani da yadi nawa ake samu a kowane yunƙuri.

Wasan Tenesi rabinsa na biyu ne abin kallo: ana bin Alabama 20–7, ta dawo ta ci 27 ba a rama ko ɗaya ba.

Wasan Auburn na 25 ga Nuwamba shi ne wanda ya fi ruɗar masu sharhi, saboda kowa jifar ƙarshe kawai yake nunawa. Koma baya da minti biyar. Auburn na gaba 24–20, ɗan wasanta ya kasa riƙe ƙwallon da aka bugo masa, Alabama ta tsinta saura yadi 30 zuwa layin ci. Sai ta fara ɓata damar da kanta: an saki ƙwallo daga tsakiya Milroe bai shirya ba, aka yi asarar yadi da yawa, sannan ya jefa bayan ya ƙetare layi aka hukunta shi. Haka aka kai ga yunƙuri na huɗu, na ƙarshe, saura yadi 31. Tsayar da bidiyon daidai lokacin da aka saki ƙwallo ka ƙirga: mutum biyu kaɗai Auburn ta tura su matsa wa Milroe. Ya tsaya ya duba son ransa, ya jefa wa Isaiah Bond a kusurwar hagu, saura daƙiƙa 32, aka tashi 27–24. Ka faɗi gwanintar jifar, ka kuma faɗi kuskuren Auburn, domin da babu shi da zancen kofi ya mutu a ranar.

Bayan mako ɗaya, 2 ga Disamba a Atlanta, Alabama ta doke Jojiya ta Kirby Smart 27–24, ta ɗauki kofin SEC, gasar jami'o'in yankin kudu maso gabas, ta kuma katse wa Jojiya nasara 29 a jere. Washegari kwamitin zaɓe ya bayyana ƙungiyoyi huɗun da za su fafata neman kofin ƙasa: Mishigan, Washington, Teksas, Alabama. Aka bar Florida State, wadda ta ci wasanninta 13 duka, bayan mai jifarta Jordan Travis ya ji mummunan rauni a ƙafa. Kada ka binne wannan a layi ɗaya. Ka kawo hujjar ɓangarorin biyu, ka kuma tuna wa mai karatu cewa wannan ce shekarar ƙarshe ta tsarin ƙungiyoyi huɗu. Daga 2024 aka koma 12.

Wasan Rose Bowl a Pasadena, na kusa da ƙarshe da Mishigan, ka kalle shi sau biyu. Karo na farko ka bi ƙwallo. Karo na biyu ka zuba ido a kan mutum biyar na layin gaba kawai, da yadda ƙwallo ke fitowa daga hannun na tsakiyarsu. Sau biyar Mishigan ta kayar da Milroe kafin hutun rabin lokaci. Duk da haka Alabama na gaba 20–13 dab da ƙarshen zango na huɗu, Mishigan ta rama, ɗan wasanta Blake Corum ya ci a ƙarin lokaci. A yunƙurin ƙarshe, saura yadi 3, ƙwallo ta fito ƙasa-ƙasa, Milroe ya duƙa ya ɗauka ya kutsa ta tsakiya aka tare shi, aka tashi 27–20. Idan ka ajiye tarihin irin wannan sakin ƙwallo tun Satumba, za ka iya nuna cewa ciwon ya daɗe.

Wajen rubutawa, tarko mafi girma shi ne karanta kakar daga ƙarshe zuwa farko, kowane murmushi na Saban a gefen fili ka mai da shi alamar ban kwana. Bai sanar da tafiyarsa ba sai bayan kwana tara da wasan Mishigan. Batun kuɗin tallan da aka halatta wa 'yan wasan jami'a tun Yulin 2021, da sauƙin sauya makaranta, ka kawo su a matsayin yanayin da ya yi aiki a ciki, kada ka sa masa magana a baki. Abin da za ka iya tabbatarwa shi ne abin da ya biyo baya: Caleb Downs, ɗan tsaron Alabama, ya koma Ohio State, Bond ya koma Teksas.

Jimillar nasarorinsa a Alabama za ka gan ta iri biyu, 206 da 201, an ci shi 29. Duka daidai ne: hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta soke nasara biyar na kakar 2007. Zaɓi ɗaya, ka faɗi wanne ne, na fili ko na hukuma, ka tsaya a kansa har ƙarshen rubutun.