Yadda Ake Gane Sawun Normawa a Ƙasar Ingila

Mai son ganin abin da Normawa suka bari bayan da shugabansu William, mai mulkin Normandi da ke arewacin Faransa, ya ci Sarki Harold na Ingila da yaƙi a Hastings a 1066, ya kamata ya fara duban ƙasa kafin gine-gine. A nemi tudun da ya tashi shi kaɗai kusa da kogi ko cikin tsohon gari, mai shafaffen kai, da alamar gwalalo kewaye da gindinsa. Hannu ne ya tara irin wannan tudu, aka kafa hasumiyar katako a bisansa, a wasu wuraren kuma aka maye gurbinta da ta dutse, kamar a Windsor. In an hau, a lura da hanya ko mashigar ruwan da yake tsarewa, domin a nan dabarar mulkinsu take.

Sai majami'u: kaurin ginshiƙai da zagayayyen bakan gizo a kan ƙofofi su ne shaida, kuma a ganina babu kamar ta Durham, wadda aka fara ginawa a 1093. Kafin a ziyarci ƙauye, a duba sunansa a kundin Domesday na 1086, wanda ya ƙididdige filaye da masu riƙe da su.